Layin Marigayi Gambo

Rumaisa na tsaye cikin rana a ƙofar kamfanin irin shuka da mahaifinta ya kafa a Gumel, tana kallon masu fenti suna kankare sunan marigayi Alhaji Gambo daga jikin allo. Ko arba'in ba a yi ba! Ƙanensa Alhaji Dogo ya haye kujera, ya ce daga yau da sunansa za a kira kamfanin, kuma ita marainiyar da ke riƙe da kwamfuta ita za ta tsara canjin. Wannan rashin imani da me ya yi kama?

Ta haɗiye kukanta ta yi aikin tsakani da Allah. "Baffa, a bar sunayen biyu a jikin buhu har damina ta wuce. Tsohon layin waya ma kada a rufe shi, shi manoman Ɗanzomo da Gagarawa suka haddace. A tura masu saƙon murya, yawancinsu ba sa karatun boko..."

"Ke za ki koya mini kasuwa? Ubanki ya tafi, sunansa ma ya bi shi." Ya karɓe layin ya miƙa wa ɗansa Habibullah, ya ce ya karya shi, ya ƙone tsofaffin buhuna.

Ruwan shuka ya sauka. Manoma ba wanda ya sanar da su komai, suka ci gaba da kiran tsohuwar lamba, wani yana ɗauka yana aika masu iri a buhun Gambo. Aka shuka, mako biyu ko tsiro babu. Ran da manoma suka cika ƙofar kamfani, Dogo ya nuna Rumaisa da yatsa: "Ita ce mai harkar waya, ita ta sayar da layin don ta ɓata ni." Aka koro ta titi, dattawan da suka san ta tun tana goye suna bin ta da Allah ya isa. Ta durƙushe tana kuka mai cin rai. "Ya Allah, Kai ne gatan maraya... Ka wanke ni, Ka wanke sunan Babana."

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari, Malam Manu, manomin da gonarsa ta tashi a banza, ya sake kiran lambar. Sai ga waya na ƙara a aljihun Habibullah, yana tsaye kan buhunan Gambo cike da ruɓaɓɓen gero! 'Yan sanda suka tafi da shi, manoma kuma suka rantse ba za su ƙara sayen ko ƙwaya ba sai sun ji daga bakin Rumaisa.

Dogo ya zo har gida, ya rame, ya tsuguna a zaure yana miƙa mata waya. "Ki yi haƙuri 'yata, ki yi masu saƙon nan."

Hawaye na zuba ta dube shi. "To Baffa, kamfanin wa zan ce masu?"

Ya sunkuyar da kansa ƙasa. "Na Yaya Gambo."