Baƙar Safar Waisake

"Nana, a ce ya cire safar mana, in dai ba abin da ake ɓoyewa!"

Muryar Unaisi ce, 'yar ƙanwar Nana, mahaifiyata. Ta tsaga ɗakin daidai lokacin da kawun saurayina Waisake ya durƙusa da tabua a hannu, haƙorin ƙaton kifin nan da ake neman aure da shi.



Kowa ya bar takalminsa a bakin ƙofa, ƙafa tsirara kan tabarma. Waisake kaɗai ne da baƙar safa a wannan zafi na Janairu, tsakiyar bazarar tsibirinmu.

Ni na saya masa ita a garin Savusavu.

Wata bakwai kafin ranar ya nuna min tafin ƙafarsa, muna zaune cikin kwalekwalensa. Wani ɗan baƙin miki ne, bai fi farce ba.

"Vasemaca tawa... ko in leƙa asibiti? Ba ya zafi, amma ya ƙi rufewa."

"Ka je su yanke? Ka manta da Nana?"

Ba mai mantawa. Ciwon suga ya cinye mahaifina gunduwa-gunduwa, yatsa, tafi, sannan gwiwa. Shekara tara Nana tana ɗawainiya da shi, ranar da aka binne shi kuwa ta rantse 'yarta ba za ta maimaita wannan rayuwa ba. Waisake ma yana da suga, mu biyu kaɗai muka sani.

"Ka bari a karɓi tabua tukuna, masoyina. Da an karɓa, magana ta ƙare."

Ya yi dariya. "Ke dai da wayo kamar ɓeran kwakwa! To, na ji."

Tabuar kuwa sai da ta yi wata bakwai kafin ta iso daga danginsa na tsibiran Lau. Kullum ina ɗaura masa ganyen gwanda da man kwakwa, ina jin kaina gwana. Kaico!

Yanzu ga shi duk idanu sun koma kansa.

"Cire, ɗana," in ji Nana.

Ya dube ni... ya cire.

Na runtse ido ina jiran ihu. Da na buɗe, Nana ce durƙushe, ta ɗora ƙafar kan cinyarta tana juya ta.

"Shekara tara na yi ina wanke gyambon suga," ta ce a hankali. "Wannan ba shi ba ne. Ku ajiye haƙorin nan ku nemo mota!"

Bayan sati uku likita ta zaunar da mu.

"Ciwon daji ne na fata. A ƙafar mai suga yakan ɓuya, kowa ya ɗauka gyambo ne. Ya riga ya haura kaluluwa, ya taɓa huhu."

"Ku yanke ƙafar!" na ce. "Don Allah ku yanke!"

Ta sunkuyar da kai. "Da wata shida baya ne, 'yar'uwa..."

Waisake ya matse hannuna. "Kar ki yi kuka, abar ƙaunata. Ai tare muka yanke shawara."

Ƙarya yake don ya rage min nauyi. Shi asibiti ya ce.

Unaisi ta same ni a barandar asibitin, ido jawur. Tun muna ƙungiyar waƙar coci take sonsa, kowa ya sani.

"Ki yafe min, Vase. Kishi ne."

"Yaushe kika gani?"

"Tun Agusta... yana wanke ta a rafi."

"Me ya hana ki tona tun lokacin?"

"Na so ne... a gaban mutane."

Ban iya ko zaginta ba. Ita ta yi shiru don ƙiyayya, ni na yi don so, ciwon kuwa bai tambayi dalilin kowa ba.

Nana da kanta ta sa aka karɓi tabuar a gefen gadonsa. Fasto ya ɗaura mana aure ranar wata Laraba, ina sanye da rigar da na ɗinka tun bara. Kwana arba'in da ɗaya na yi ina matarsa.

Mun binne shi a bayan coci, da ƙafafunsa biyu cif, kamar yadda na so.