Rabon Na Bayan Ƙofa

Dab da magariba Kawu ya aiki yayata ɗakin haɗin turare ta ɗauko masa kwalbar sinadarin wardi. Ruwa ne garau kamar na sha, amma ɗigo kaɗan ke sa turare ya yi ƙamshin fure. Tun rasuwar Baba hancinta ke riƙe da shagon, don ita ke sansana haɗi ta ce ya yi ko bai yi ba.

Duk sabuwar kwalbar da Baba ya buɗe, sai ya ɗiga ɗigon farko a auduga ya ajiye bayan ƙofa. Kawu kuwa, wanda ko guminsa ba ya son ya zuba a banza, ya hana a safiyar ranar, da aka buɗe kwalbar wardin.

"Bayan ƙofar ciniki yake kawo mana?" in ji shi.

Yaya ta shiga. Fanka a kashe, kwalabe a jere, sirinji a kan tebur. Amma ɗakin da kullum ƙamshi ke shaƙe mutum, yau babu ƙamshin komai, sai warin ƙasa mai danshi.

Ta kai hannu kan kwalbar. Sanyi ƙalau.

Ƙofa ta turo kanta a hankali.

Sai ta ji ana sansana ƙeyarta. Doguwar shaƙa, wadda ƙirjin mutum ba zai ɗauka ba.

"Ina rabona?" aka raɗa mata.

"Kawu ne ya hana," ta ce.

"Shi ba shi da hanci. Ke ce mai shi."

Wani abu mai sanyi ya manne mata a fuska, ya zuƙa. Ta ji kamar ana zare mata zare daga tsakiyar kai. Ta banke ƙofa ta faɗo waje, haɓo na zuba.

Tun ranar ba ta sake jin ƙamshi ko wari ba. Da Kawu ya tabbatar, ya ce ta zauna a gida, shago ba wurin jinya ba ne. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi ranar ba. Yanzu shi da kansa yake ajiye audugar, har da ƙarin ɗigo.

Watan jiya Yaya ta haihu a gidan mijinta. Na same ta ta kifa hanci a kan jaririn, tana ta shaƙa. Ta ɗago ta miƙo min shi.

"Ƙanwata, sansana min. Yaya ƙamshinsa yake?"