Gajimare Ba Ya Fita a Rediyo

"Maimaita abin da ka faɗa makon jiya."

Auta ta dire jakarta a kan teburin ɗakin watsa shirye-shirye, ta ƙi zama. Jar fitilar da ke saman ƙofa ba ta kama ba tukuna.

"Haba Zumata..."

"Yau ni ba zumar kowa ba ce. Maimaita!"

Mai Murya, kamar yadda masu sauraro ke kiransa, ya sauke hedifon zuwa wuyansa. Shi ke gabatar da shirin mako-mako kan littattafan zane da tsofaffin finafinan da 'yan tsiraru kaɗai ke haukacewa a kansu. Shi ne kuma wanda Auta za ta aura. Makon jiya ya ɗauko littafinta na farko, wanda ta zana da hannunta, Yayanta ya buga a 'yar maɗaba'arsa, ya yi masa kaca-kaca. Cewa ya yi ƙarshen labarin arha ne: yarinyar da ta kame bakinta tun daga bango ta tashi a shafin ƙarshe ta rangaɗa wa saurayi "Ina sonka", kamar an matsa mata maɓalli.

Yaya na tsaye a gaban inji ya ji. Ya kashe rediyon, ya goge hannu, ya ce maganar aure ta mutu. Yanzu haka yana ɗakin jira, ƙarƙashin lasifikar da ke jiyo shirin, da makullin mota a hannu.

"Aiki ne," in ji Mai Murya. "In na yabe ki, cewa za a yi don ke ce."

"Ban roƙe ka yabo ba."

Ƙofa ta buɗe, Furodusa ta shigo da kofin shayi ɗaya. Gabansa ta ajiye shi. Ita ta gayyato Auta ta zo ta kare kanta, kuma Auta ta daɗe da lura da irin kallon da take yi masa ta cikin gilashi.

"Ƙanwata, zauna mana. Kada dai ki yi mana kuka a iska, makirfon ba ya son ruwa."

"Na gode, Anti. Shayin ma na gani, na ƙoshi."

Furodusa ta koma bayan gilashi. Fitila ta yi ja.

Ya yi sallama da muryar nan tasa mai santsi, ya gabatar da baƙuwa kamar bai taɓa ganinta ba. Auta ta jawo makirfo.

"Tambaya ɗaya gare ni. A shafin ƙarshe, me yarinyar ta ce?"

"Ta ce tana sonsa."

"Ta faɗa?"

"Ƙwarai."

"Da bakinta?"

"Da me za ta faɗa, da gwiwa?" Ya yi 'yar dariya, bayan gilashi ma aka taya shi.

"To masu sauraro, ga darasin da ɗan firamare ya sani. A littafin zane, in mutum ya yi magana, ana sa kalmominsa cikin kumfa mai wutsiya, wutsiyar na nuna bakinsa. In tunani yake yi, ana sa su cikin gajimare. Babu wanda ke jin abin da ke cikin gajimare." Ta dube shi. "Yarinyata ba ta ce komai ba. Gajimare ne."

Dariyar ta ɗauke.

"Duk mai ido da ya buɗe shafin zai gani. Kai da ke koya wa gari karanta zane, ya aka yi ba ka gani ba?"

"Wataƙila bugun ne bai fito..."

"Kada ka taɓa bugun Yayana!"

Ta miƙa hannu kan tarin littattafan da ke gefensa, ta zaro nata daga can ƙasa. Kwafin da ta ba shi ne, na farko da ya fito daga inji. Yana nan cikin ledarsa, a liƙe. Ta kai shi bakin makirfo ta murza. Ƙarar leda ta cika iska.

"Kun ji? Wannan ita ce ƙarar littafin da ba a buɗe ba."

Furodusa ta shiga yi masa alama da hannu: a tafi talla, a tafi talla! Bai kalle ta ba.

"Wa ya karanta maka?" in ji Auta.

Ya sunkuyar da kai.

"Malam, rediyo ne. Ba a jin gajimare a nan."

"An karanta mini a waya," ya ce a hankali. "Ina tuƙi."

"Wa?"

 Idonsa ya tafi kan Furodusa a bayan gilashi, ya dawo.

"Ita ta ga gajimaren," Auta ta ce. "Ta ga fuskar da ke ƙarƙashinsa ma. Buɗe."

Ya yage ledar, ya juya zuwa ƙarshe. Auta na kallon yatsunsa, ta ga sun tsaya. 

"Faɗa musu abin da kake gani. Aikinka ne."

"Ina ganin... wani mutum zaune a gaban makirfo. Yana da wushirya irin tawa. Yana ta zuba, idonsa a rufe. Yarinyar na tsaye a bayansa." Ya ɗago kai. "Gajimare ne. Bai juyo ba, balle ya gani."

"Sai kuma me?"

"Sai kuma ni ne sakaran da ke cikin hoton. Na soki littafin da ban buɗe ba. Na ji tsoron in so shi a ce na yi son kai, sai na ba wata idona. Auta, ki yafe mini. Ina sonki, kuma nawa da wutsiya, kowa ya ji."

Auta ta ji daɗi a ranta. Ba ta bari ya kai fuskarta ba.

"Yaushe yarinyar za ta fito daga gajimare?" ya tambaya.

"Ran da ka karanta daga shafin farko. Da idonka."

Ta ɗauki jaka ta fita. Ba ta ko dubi gilashin ba.

A ɗakin jira Yaya na nan yadda ta bar shi, fuska a murtuke.

"Kin ji wai bugu ne bai fito ba? Buguna?"

"Na ji, Yaya."

"Ɗan rainin hankali." Ya juya makullin a yatsa. "Ki ce masa ya zo maɗaba'a. A gabana zai karanta, a tsaye, kusa da inji. In ya tsallake shafi ɗaya, na rantse ko gaisuwarsa ba zan ƙara amsawa ba."

Ya zo. Ya karanta a tsaye, inji na ruri, ma'aikata na yi masa gyaran karatu da gangan. Furodusa kuwa ta nemi a mayar da ita shirin wasanni, babu wanda ya riƙe ta.

Katin bikin ma Yaya ne ya buga, yana mita. Auta ta zana hoton nan na shafin ƙarshe a bayansa, sai dai wannan karon mutumin ya juyo. Da ta miƙa wa Mai Murya na farko, ya kai shi kusa da ido, ya bi kalmomin da yatsa har inda layin ya ƙare a bakin yarinyar.

"Zumata... da wutsiya!"

"Ka tabbata, ko in kira a karanta maka?"