Ruwan Wankin Motar Lawwali

Duk wanda ya taɓa sayen motar hannu ya san tambayar da ake ajiyewa sai ƙarshe. Bayan an buɗe gaba an leƙa inji, an murza baƙin mai a yatsa, an zaga gari da ita an dawo, sai mai saye ya dubi mai sayarwa ido cikin ido ya ce, "Tsakaninka da Allah, mene ne aibinta?" A kan amsar wannan tambaya gidan Lawwali ya tashi, a kanta kuma ya rushe.

Lawwali dillalin motoci ne a Gusau. Lokacin da ya auri Sa'adatu ba shi da mota tasa, na mutane yake haɗawa da masu saye ya karɓi la'ada. A lokacin yana faɗin gaskiya, har abokan sana'a suna yi masa tsiya wai shi ne dillalin da ke kashe cinikinsa da bakinsa. Su suka yi gidaje, shi yana nan a tsohon gidan gado tare da mahaifiyarsa Inna, da ƙanensa Bashar mai koyarwa a firamare, da Sa'adatu da 'yarsu Luba, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Tsiyar ta yi ta cin sa a hankali, har ya daina dariya idan an yi ta.

Wata rana ya sa Bashar ya kai shi wajen Kwatarkwashi a babur, wai zai duba wata mota. Bai dawo da mota ba. Ya dawo da baƙar ƙwarya da curin sabulu mai warin gashin da ya ƙone. A makon nan ya rushe zaure ya sa babbar ƙofar ƙarfe, yadda mota za ta shigo har bakin tsakar gida.

Daga nan ya koma sayen motocin da kowa ya guda, waɗanda makanikai suka ɗaga wa hannu. A jawo su da igiya har gida. Da hantsi ya fito ya tuɓe riga, ya wanke motar da hannunsa da ƙwaryar nan, ba ya yarda kowa ya taya shi. Ruwan ya gangaro baƙi ƙirin ya malale tsakar gida, inda ake girki, inda Luba ke wasa. Yana gamawa ya murza makulli, motar ta tashi lafiya lau kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Masu saye su zo da makanikansu su bincika har su gaji, ba sa ganin komai.

Arziki ya shigo da gudu. Aka yi siminti, aka sa fanka da firji, Sa'adatu ta ga leshin da ba ta taɓa taɓawa ba.

Motar farko ba ta da wuta, fitilunta duk sun mutu. Kwana kaɗan da sayar da ita Inna ta tashi da safe tana tambayar me ya sa gari bai waye ba. Asibiti suka ce tsufa ne. Daga baya aka jawo wata farar bas, Sa'adatu ta ji Lawwali a waya yana cewa birkinta ba ya ci ko kaɗan. Bayan an sayar da ita Bashar ya miƙe ana tsakiyar cin tuwo ya fara zaga tsakar gida. Bai sake zama ba. Yana tafe yana kuka yana cewa a riƙe shi, idan an riƙe shi ƙafafun su ci gaba da harbawa a iska. Aka ɗaure shi, igiya ta ci masa fata, aka kwance. Sai wata mota mai ɗaukar zafi ta shigo, wadda lagiretonta ke tafasa tun kafin a fita unguwa. Ita ta tafi da Inna. Jikin tsohuwar ya yi zafin da tsumma mai ruwa ke bushewa a goshinta nan take, har ta cika.

A zaman makokin ne Sa'adatu ta jera motocin da cututtukan a ranta, ta ga sun zauna daidai. Ba mace ba ce mai yawan kuka. Ta saya wa Luba takalmin roba, ta daina sauke ta daga goyo ranar wanki, ta tara ƙasa ta yi wa ruwan shinge. Ruwan ya ɓullo ta ƙarƙashin shingen, ya bi gangare har ƙofar ɗakinta.

Ta ɗauki yarinyar ta tafi Tsafe, inda iyayenta ke zaune a ɗakin haya tun da suka baro ƙauyensu na wajen 'Yankuzo saboda rashin tsaro. Mahaifinta ya saurare ta har ta gama.

"Ya buge ki?"

"A'a, Baba."

"Ya hana ki ci ko sutura?"

"A'a."

"To, ɗiyata, mi zan ce wa mutane? In ce kin baro miji don shina wanke mota? Dibi ɗakin wanga, ina za ki kwana?"

Washegari ta koma Gusau. Ta tarar an jawo wata ƙatuwar baƙar jif, ta cika ƙofar gida har sai an raɓa ake wucewa. Masu jawowar suna dariya suna cewa injinta ya buga, sai dai a sayar da ita ƙarfe. Sa'adatu ta tsaya tana kallon motar, tana jin bugun zuciyar Luba a gadon bayanta. Ba wanda ya rage a gidan da lafiyarsa sai su biyu da mai wankin.

Daga bakin Bashar ta san hanyar inda aka samo ƙwaryar. Cikin zagayensa yakan yi ta maimaita tafiyar da suka yi a babur: a bar kwalta, a bi bayan duwatsu, a wuce tsamiya mai rabi a ƙone, har bakin wani kogo. Ta bar Luba wajen maƙwabciya, ta shiga motar haya, sauran tafiyar ta yi da ƙafa cikin rana.

Kogon yana da baki ƙunci, sai an sunkuya. Ciki sanyi da ƙarni. An rataye lambobin motoci a jikin dutse, tsofaffi da sababbi, kowace an shafa mata jini ya bushe har gashin kaza ya manne. Makullai a tsire a zare kamar kayan shanya. Madubban gefe, fasassu, an jera su suna kallon mai shigowa, ta ga fuskarta a yayyage ta ko'ina. A tsakiya an kafa sitiyari a ƙasa an naɗe shi da jan ƙyalle, ƙarƙashinsa tukunya cike da baƙin mai, yana motsi shi kaɗai ba iska. Mutumin da ke zaune a gefe ba shi da kamar abin tsoro. Dattijo ne cikin wankakkiyar riga, sai dai faratansa baƙaƙe ne irin na wanda ya daɗe a gareji.

"Matar Lawwali," in ji shi. "Kin yi jinkiri. Na zaci tun a kan tsohuwa za ki zo."

Ba ta gaishe shi ba. Ta kwance 'yan kunnenta da sarƙa ta ajiye a ƙasa. "Ka cire ɗiyata."

"Ɗauke abinki. Nan ba a maida ciniki."

"To ka sa ni a madadinta."

"Ba ni ke zaɓe ba. Ruwa gangare yake bi, shina neman wanda ya hi rauni. Tsohuwa ta tahi, yaron ya gama. Wa ya rage?"

"Zan gudu da ita inda ba zai gan mu ba."

"Ta taɓa taka ruwan?"

Sa'adatu ta tuna 'yan sawun Luba a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tun ranar motar farko, tana tsalle tana dariya.

"To ko ƙasa mai tsarki kika kai ta, sai ya iske ta."

Akwai abin da ta zo da shi wanda ya fi kowane nauyi. "Shi ya sani?"

Dattijon ya tsoma yatsa a tukunyar ya murza man, kamar mai duba inji. "Mijinki dillali ne, ba ya saye bai tambaya ba. Ya ce mini, aibin in ya bar mota ina za shi? Na ce gida. Sai ya ce, mutanen gida da yawa."

Ta dafa dutse.

"Akwai ƙofa guda," ya ce, "kuma kyauta zan gaya miki, don ni ta ko'ina na ci. In mai saye ya tambayi aibi, wani na cikin gidan ya faɗe shi da baki kahin a sallama, to aibin zai koma hannun da ya wanke. Ba na wagga motar kaɗai ba. Duka."

"Zai mutu?"

"Injin da ya buga mutuwa yake? Shina nan dai."

Ta kwashe 'yan kunnenta da sarƙarta ta fito, ba ta waiwaya ba.

Da safe, kafin Lawwali ya ɗauki ƙwaryar, ta tare shi a ƙofar ɗaki. Ta yi magana a hankali don kada Luba ta farka.

"Malam, don girman Allah ka bar wagga motar. Ka sayar da ita ƙarfe. Mu koma yadda muke, ni ban gaji da garin kwaki ba."

Bai tambaye ta me ta sani ba. Idanunsa sun faɗa, ya rame cikin babbar rigarsa. "In na bari ni zai ci, Sa'a. Kin gane? Ba a tsayawa. Wagga ce ta ƙarshe, wallahi. In ta hita zan kai yarinyar asibitin da duk kike so."

"Kamar yadda ka kai Inna."

Ya raɓa ta ya wuce. Ta ji ƙarar ruwa a jikin ƙarfe.

Kafin ya gama ɗauraya Luba ta farka tana numfashi sama-sama. Lokacin da jif ɗin ta tashi da wani lallausan gurnani, leɓunan yarinyar sun fara yin duhu, ƙirjinta na bugawa yana tsallake. Sa'adatu ta goya ta, ta ɗaure zani tamau, ta sa hijabi ta tsaya bayan labule.

Mai sayen, Alhaji Tajuddin, ɗan kasuwar hatsi ne daga Bungudu, mutum mai fara'a. Ya zo da makanikensa, suka shiga ƙarƙashi suka fito, suka zaga da ita suka dawo.

"Lawwali, ina kake samo su ne? Ko aljanu ke yi maka gyara?" Alhaji ya yi dariya, ya taya.

"Albarka, Alhaji. Wannan ko kuɗin ƙafafunta bai kai ba."

"Kai dai ba ka da tausayi. Ni da iyali rututu, ga makaranta. Na ƙara, amma kada ka sake ce mini albarka, azumi nake."

"Azumi da goro a baki?"

Suka yi dariya su duka. A bayan labule kan Luba ya langaɓe a kafaɗar uwarta. Sa'adatu tana kallon ƙeyar mijinta, mutumin da ya taɓa dawowa gida hannu wofi yana murmushi don ya gaya wa mai saye gaskiya. Ta ba shi dama har numfashin ƙarshe.

Alhaji ya miƙa hannu ya kama na Lawwali, bai saki ba. "To, tsakaninka da Allah, mene ne aibinta?"

Lawwali ya buɗe baki. "Ba ta da..."

"Injinta ya buga, Alhaji."

Mazan suka juyo. Mace ce tsaye a tsakiyarsu, ƙafafunta cikin baƙin ruwa.

"Da igiya aka jawo ta gidan nan. Injinta ya buga."

Wata ƙara ta fito daga cikin jif ɗin kamar an saki guduma a tukunyar ƙarfe. Ta yi jijjiga ta mutu, baƙin mai ya tsiyayo ƙarƙashinta. Lawwali ya ɗaga hannu yana laluben iska yana tambayar wa ya kashe rana. Gumi ya keto masa, tururi na tashi daga wuyansa. Ƙafafunsa suka fara tafiya ba da shi ba, suka kai shi ya yi karo da bango, ya dafe ƙirji ya zube. A can lungu Bashar ya tsaya cak, ya zauna a ƙasa a karo na farko. A bayan Sa'adatu, Luba ta ja dogon numfashi ta fashe da kuka, ta ce ruwa take so.

Kafin sati ya zagayo motocin da ya sayar duk sun koma yadda suke, wasu a tsakiyar hanya da mutane a ciki. Masu su suka yi wa gidan tsinke. Firji da fanka da leshi suka fita ta ƙofar da suka shigo, daga baya gidan ma ya bi su. Bashar ya daina tafiya, amma hankalinsa bai dawo ba, kuma ba abin da ya dawo da Inna.

Lawwali bai mutu ba. Yana kwance a wani ɗakin haya a bayan gari, ba gani, ba magana, jiki kullum zafi, ƙafafu suna harbawa a kan tabarma suna neman hanya. Dangi sun ce Sa'adatu ta tona asirin mijinta gaban baƙi, ba mai leƙo ta. Ba ta da inda za ta, ba ta kuma da wanda za ta bar wa shi. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu, tana sayar da ƙosai tana biya wa Luba makarantar allo.

Ku masu ganin maƙwabci ya yi gida ku kasa barci, ku masu rufe ɓarakar kaya da fenti da rantsuwa, ku sani abin da kuka ɓoye wa mai saye bai ɓace ba. Yana nan yana neman wurin zama, kuma ba ya farawa da mai ƙarfi. Kafin ka miƙa hannu ga wanda zai ba ka arziki a ƙwarya, ka leƙa tsakar gidanka ka ga ƙafafun wa ke yawo a ciki babu takalmi.

Kullum da hantsi Sa'adatu tana yi wa Lawwali wanka a cikin baho. Idan ta gama sai ta kulle Luba a ɗaki, ta ɗora bahon a ka, ta yi nisa da shi har bayan juji, inda ba ɗan kowa ke bi ba. Ba ta taɓa bari ko ɗigo ya zuba a hanya ba.