Layi Na Goma Sha Huɗu

Auta ta buga takardar a kan teburinsa har kofin shayinsa ya yi tsalle.

"Karanta min layi na goma sha huɗu."

Dogo ya ɗago kai daga kwamfuta. Mutum biyu da ke zaune a bencin shagon suna jiran a cike musu fom suka miƙe wuya.

"Rabin raina, bari in sallami mutane mana..."

"Karanta."

Ya karanta ƙasa-ƙasa. "Shin kotu ta taɓa samunki da laifi?... A'a."

"Wa ya ce maka a'a?"

Masu jira suka ga hadari ya haɗo, suka ce za su dawo anjima.

Shekara huɗu ke nan da abin ya faru. Auta tana taya kawunta aiki a shagonsa na haɗa haƙoran roba, wata tsohuwa ta shigo kumatu a kumbure, tana kuka kamar yarinya. Kawu ba ya nan. Tausayi ya ja Auta ta ɗauki ƙarfen cire haƙori ta cire mata. Jini ya ƙi tsayawa sai da aka kai asibiti. Tsohuwar ta warke, ta yafe, amma hukuma ba ta yafe ba. Aikin likita ba lasisi, wata uku a gidan yari. Tun daga nan ta ɗaura aniyar sai ta karanci likitancin haƙori, ta riƙe ƙarfen nan da izini. Sau biyu tana zana jarrabawa kafin makinta ya kai. Dogo, wanda za ta aura, shi ya cike mata fom ɗin neman shiga makarantar, ga shi jibi za ta zauna gaban kwamitin tantancewa.

"Wallahi hannu ne," in ji Dogo. "Fom talatin nake cikewa a rana. Layin nan ba na ma tambayar kowa, wa zai ce e? Hannuna ya saba."

"Ni kowa ce? Ranar da ka fara cewa kana sona, kafin in amsa sai da na gaya maka. Takardar kotun ma na kawo maka na ce ka haɗa da fom ɗin. Tana ina?"

Ya dubi durowa.

"Yaushe ka gane ka yi kuskure?"

"Washegari..."

"Wata biyu ke nan. Wata biyu kana zuwa ƙofar gidanmu kana min murmushi."

"Yaya ce ta ce in yi shiru. Ta ce abin da Allah ya rufa..."

"Ni na ce in yi shiru," aka ce daga bakin ƙofa.

Yayarsa ce, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta shigo tana kaɗa makullan mota, ta kalli Auta sama da ƙasa.

"Yarinya, an rufa miki asiri kina tada jijiyar wuya? Mun daure mun ce zai auri wadda ta ci tuwon gidan yari, shi ne kuma za ki je ki yi shela a gaban manya? In kika buɗe baki a can, ki nemi wani mijin."

Auta ta juya ta dubi Dogo. Ta jira. Shi kuwa ya kafa ido a kan madannan kwamfuta kamar yau ya fara ganinsu.

"Laifi ɗaya na yi a duniya, Yaya, kuma na biya," in ji Auta. "Ƙaninki ya ƙara min na biyu ina zaune a gida. Ni ba maƙaryaciya ba ce."

Ta ɗauki takardarta ta fice.

Ranar tantancewa mutum uku ta tarar a bayan dogon tebur. Ta tsakiyar dattijuwar likita ce mai tabarau a kan karan hanci. Ko zama Auta ba ta yi ba.

"Ranki ya daɗe, kafin ku tambaye ni komai, akwai ƙarya a fom ɗina. Layi na goma sha huɗu."

Ta faɗi komai, tun daga kumatun tsohuwa har ƙofar gidan yari. Dattijuwar ta saurara, sannan ta jawo wata ambulan daga ƙarƙashin fayil.

"Jiya aka aiko mana da kwafin hukuncinki, ba suna. Da kin zauna kin yi shiru, da har abada ba ke ba makarantar nan. To amma wa zai shaida mana ba ke kika zaɓi a'a ba? Kowa aka kama, mai shago yake ɗora wa."

A daidai nan aka ji hayaniya da mai gadi, ƙofa ta buɗe, sai ga Dogo yana haki, riga jiƙe da gumi.

"Ni ne mai shagon. Ni na zaɓa, ba ta sani ba. Ga shi na rubuta na sa hannu."

"Ka san za mu soke izinin shagonka na cike fom ɗinmu?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Ku soke."

Suka yi ƙus-ƙus a tsakaninsu. Hukuncin bai yi daɗi ba, bai kuma kashe ba. Fom ɗin bana ya lalace. Amma sunanta fes yake, baɗi ta sake nema, su da kansu za su duba.

A kan matakalar waje Auta ta yi gaba, yana biye da ita.

"Wa ya aiko musu?" ta tambaya ba ta waiwayo ba.

"Yaya. Da safen nan na ɗaga murfin injin kwafi, na tarar da takardarki ta asali kwance a ciki. Ta yi kwafi ta manta da ita. So take a kama ki da ƙarya, in rasa bakin kare ki." Ya share gumi. "Na gaya mata a gaban Baba, aure ba fashi. In ta zo bikin, ta zo. In kina so har yanzu..."

Ta tsaya cak.

"Shekara guda ka ci min, Dogo."

"Na sani."

"Ranar da nake neman bakinka, kwamfuta ka kalla."

"Na sani, abar ƙaunata."

"Kada ka ƙaunace ni yanzu, ban huce ba."

Ya dafe muƙamuƙi da hannu. Ta harare shi.

"Meye kuma?"

"Haƙorin nan ne, turmin ciki. Tun shekaranjiya yake sara."

"Buɗe in gani."

Ya sunkuyo ya wangale baki a tsakiyar jama'a. Ta leƙa, ta girgiza kai.

"Ya ruɓe. Ka tafi asibiti yau ɗin nan."

"Ni matata nake so ta cire min."

"To ka shirya jira. Baɗi in shiga, shekara shida in fito."

"Zan jira."

"Ƙarya kake," ta ce, dariya na neman ƙwace mata. Ta kama bakin hannun rigarsa. "Wuce mu je, ni zan riƙe maka katin asibiti."