Feshin da Bai Bushe Ba

A yi mini afuwa in alƙalamin ya yi rawa, karambani ne ya sa na ɗauke shi.

Kashegarin Chuseok, bikin girbi da ake ziyartar kaburburan iyaye, aka bugo waya ofishin 'yan sanda na garin Naju. Wani dattijo ya rasu a gidan kula da tsofaffi, abokan zamansa suna kwance a asibiti. Likita ya ce maganin ƙwari ne a jikin latas ɗin da aka naɗe musu nama da shi. Abin da ya ɗaure wa Sufeto Pyo, wadda aka ba binciken, kai, latas ɗin da takardarsa ta ɗakin gwaji, wai ba komai a jikinsa.

Manomin da ya noma latas ɗin bai wahalar da ita ba.

"Na fesa, ban musa ba," ya ce yana share hawaye. "Amma ai don irina ake gwaji! Na kai ganye da safe, kafin rana ta take takarda ta fito, abin da kullum sai ya kwana. Ma'aikaciyarsu ma na gan ta a ofishin ƙungiyarmu da hantsin ranar, tana rabon kwalayen goron biki."

A ɗakin gwajin, hatimin da ke kan takardar na wata ce mai suna Bong Su-ah. Tana tsaye cikin farar riga, idonta a ƙasa.

"Ke kika yi gwajin?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Kin san mai hatimi shi ke zuwa kurkuku?"

Ta gyaɗa kai kawai.

Sai ga shugabanta Dokta Eom, ido ɗaya a kumbure. Saje Namgung, mataimakin Sufeto, bai iya haɗiye magana ba.

"Dokta, da wa aka dambata? Ko uwargida ce?"

"Rina ce," in ji shi a daƙile. "Ni ranar ina ofis har yamma, ban taɓa na'ura ba."

Sufeto ta roƙe shi ya bayyana mata aikin na'urar kamar yana koya wa jikarsa. Nan bakinsa ya buɗe.

"Ruwan ganyen yana bi ta wannan allurar, ya fita feshi. In yana tafiya a hankali, feshin kamar hazo yake, nan take ya bushe, maganin ya ɗauki cajin lantarki, na'ura ta gan shi. In aka ƙara gudu sai ya fito manyan ɗigo. Ba ya bushewa, caji bai kama ba, na'ura ta zama makauniya."

Ta sunkuya ta leƙa ɗan gilashin da ke gaban allurar. Duk ya yi jirwaye, kamar tagar da ruwan sama ya daka.

"Hazo ne ya yi wannan, Dokta?"

Dokta Eom ya kawar da kai.

Ta sa aka ɗauko ragowar ruwan latas ɗin daga firij, aka sake gwada shi a hankali. Layin da ya kwanta shafal a takardar farko ya miƙe a allo kamar tsauni. Su-ah ta toshe bakinta da hannu.

"Ƙanwata," Sufeto ta ce a tausashe, "mutum ba ya rabon kwali a ƙungiyar manoma kuma yana nan yana gwaji. Wa kika bar wa hatiminki?"

Hawaye suka zubo mata. "Shi ya koya mini aiki. Yaya zan buɗe baki a kan na gaba da ni?"

Sufeto ta juya kan Dokta Eom. Ita ma yayanta haka ya dawo bara daga share kabarin iyayensu, fuska kamar ƙwallo.

"Gab da biki, rina ba ta harbin mai zaman ofis. Masu yanke ciyawar kaburbura take harbi."

Ya lalubi kujera ya zauna.

"Ni ne babban ɗa," ya ce. "Dangi sun sa ranar share kabarin mahaifinmu. Bara ban je ba, baffana ya ce na zama baƙo a gidanmu. Ga ganyaye sun taru. Na aike ta rabo, na ƙara gudun ruwan don in gama da wuri in tafi, na buga hatiminta. Na ce ai yawanci ba a samun komai."

"Kabarin ya yi kyau?" Saje ya tambaya, wannan karon ba da wasa ba.

"Ya yi." Ya rufe fuska da tafukansa. "Na gyara na ubana, na haƙa wa uban wani."

Shi da kansa ya miƙa hannu aka sa ankwa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya rusuna sosai wajen da Su-ah take, irin rusunawar da babba ba ya yi wa ƙarami.

Amma ba kowa a wurin. Farar rigarta ce kawai a kan kujera, hatimin a kanta. Ta taga Sufeto ta hango ta tana jiran mota, a hannun titin da ke zuwa gidan makokin dattijon.