Inda Aka Samo Ƙadangaren

A ƙauyenmu na Sonora akwai tsohuwar rijiya bayan dutse. Bakinta ya zube. Na hana jikata zuwa wurin. Ba ta ji ba.

A can ta ga wani ƙadangare mai dafi, mai baƙi da ja. Ya faɗa busasshen komin shanu, ya kasa fita. Ta tura shi cikin bokiti da sanda, ta kawo gida.

"Ke da kike gudun kyankyaso?" na ce. "Ina kika samo shi?"

"Bayan akurkin kaji, Kaka."

Muka kai shi wurin Likita Eufemia, mai jinyar namun daji. Ta sa safar hannu mai kauri, ta duba shi.

"Dubi wutsiyarsa kamar tsinke," in ji ta. "A nan yake ajiye kitse. Ya cinye ajiyarsa."

Ta yi ta ba shi ƙwai. Bayan mako shida wutsiyar ta cika.

Ran nan likita ta zo gidanmu.

"Gobe za mu sake shi inda aka ɗauko shi," ta ce. "Ramukansa kaɗai ya sani. In aka kai shi wani wuri, zai yi ta neman gida har rana ta kashe shi."

Da aka kawo abincin dare, yarinyar ba ta taɓa wakenta ba.

"Cikinki ne?" in ji uwarta.

"A'a, Mama."

Da safe likita ta ajiye akwatin da ƙadangaren yake ciki bayan akurki. Ta kama murfin.

"Likita, kada ki buɗe," in ji yarinyar. "Ba nan ba ne. Wajen rijiya ne."

Ta kasa duban fuskata.

"Sa takalminki," na ce. "Ki wuce gaba."

Ta kai mu wurin. Likita ta buɗe akwatin. Ƙadangaren ya tsaya, ya fito da harshe. Ya ja jiki a hankali, ya shige rami ƙarƙashin dutse.

"Ya gane gida," in ji likita.

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya.

"Za ka dake ni, Kaka?"

"A'a. Za ki share garken awaki mako guda."

Ta share, tana waƙa.

Yara, ƙaryar da kuka yi don ku tsira, kan wani take faɗawa. Ku faɗi gaskiya tun murfi yana rufe.